Lomar da Mahjuba Ta Hana

Ranar da Si Jilali ya zo, da ruwa aka wayi gari. Ba mai ƙarfi ba ne, yayyafi ne mai sanyi wanda ba ya ɗaukewa, irin mai ratsa alkyabba ya shiga ƙashi. Gajimare ya rufe duwatsu, tumaki suka ƙi fita, kaji suka taru ƙarƙashin amalanke kowace ta kumbura. Juma'a ce. Ni dai na daɗe ina roƙon ruwan nan saboda sha'ir ɗin da muka shuka. Amma da na leƙa tsakar gida na ga Mahjuba tsaye a bakin ɗakinta tana kallon sama, sai na tuna shirin da muka yi jiya, na san ruwan ya ɓata shi.

Mahjuba matar yayana ce, Allal, Allah ya jiƙansa. Gida ɗaya muke a ƙauyenmu na bayan Shishawa, su ta gabas, ni da matata Hadda ta yamma, rijiya a tsakiya. A lokacin ba ta daɗe da fita takaba ba. Abin da ya bar mata ba shi da yawa: ɗakunansu, awaki kaɗan, 'ya guda da ke aure a Asfi, sai Gazala.

Gazala sulugi ce, irin dogayen siraran nan na farauta, launin yashi, mai baƙin baki. Ina yaro ubanmu ya taɓa murɗe mini kunne don na kira sulugin wani baƙo kare. Ya ce kare yana can bayan garke yana haushi, ana jefa masa ƙashi daga nesa. Wannan kuwa ɗa ne, a ɗaki yake kwana, abin da maigida ya ci shi yake ci. Haka muka taso. Ba a sayar da sulugi, ba a kuma saye, sai dai a ba ka. Wanda ya ba ka kuwa idonsa na kansa har abada. In ka mutu, ko ya ji ana wulaƙanta shi, yana da ikon ya zo ya ɗauki abinsa, ba mai cewa don me.

Si Jilali ne ya ba Allal Gazala tun tana shan nono. Dattijo ne mutumin Dukkala, mai gonar inabi, abokin farautar Allal tun suna samari. Lokacin rasuwar yana kwance ba lafiya, bai samu zuwa ba. Sai ranar kasuwa ya aiko cewa zai zo Juma'a ya yi mana gaisuwa, ya kuma ga Gazala. Ya haɗo saƙon da ƙaramin buhun zabibi na gonarsa. Kowa a gidan ya gane abin da ganin ke nufi. Ba sauran mafarauci a cikinmu, ni gwiwata ta daɗe da sallamata. In ya tarar ana riƙe da ita da daraja, mai yiwuwa ya bar ta albarkacin abokinsa. In ya ga abin da bai yi masa ba, da ita zai koma. Mahjuba kuwa tun da aka fita da Allal, Gazala ce ke kwana a ƙafafunta, ita take fara yi wa magana da safe kafin ta gaishe mu.

Wanda ya san Mahjuba da farko ba zai yarda ba. Da aka kawo ta amarya daga kan dutse, ba abin da take tsoro kamar sulugin da ta tarar a ɗakin. Ta ce wa Allal ko ita ko wannan dogon abu. Ya ce mata shi dai ya riga ta zuwa gidan, sai ta gaishe shi a matsayin babba. Ta yi wata guda tana kewaye shi kamar mai kewaye wuta.

Ba son dabbar ne ya sa ta fara yi masa abinci ba, tausayin mijinta ne. Allal kan yi kwanaki a daji yana bin dilan da ke cin 'yan raguna, ya raba gurasarsa biyu da sulugi, su dawo dukansu haƙarƙari a waje. Sai ta soya sha'ir ta niƙa, ta kwaɓa da ƙwai da ɗan man zaitun, ta dunƙula kamar ƙwan tantabara. In an kwashe gurasa daga tanderu wuta ta kwanta, ta jera su ciki su bushe a hankali. Ba gishiri, ba sukari. Lokacin kabewa ta dafa ta murje a ciki, ta ce tana gyara ciki. Karas ma haka. Dabino kan shiga kaɗan, bayan ta cire ƙwallon, wannan na ranar gudu ne. In an kawo busasshen kifi daga bakin teku, sai ta jiƙa shi gishirin ya fita, ta zauna ta tsince ƙaya ɗaya bayan ɗaya kafin ta daka. Ƙashin kazar da aka dafa kuwa da hannunta take jefa shi wuta, ta ce yana tsagewa kamar allura. Dunƙulen Mahjuba muke kiransu. Masu sulugi har daga wasu ƙauyuka suka riƙa turo matansu da ƙwai ko mai, a ba su su tafi da shi. Ni ma na sha ɗauka in haɗa da shayi. Hadda ta ce shi ya sa nake kallon tukunya da wuya a miƙe.

Wanda ya riga Gazala a gidan sunansa Shahin, baƙi, mai faɗin ƙirji. Shekarar da aka aurar da 'yarsu, ana gab da biki ya kashe wani dila da ya addabi garkunan ƙauye. Ranar walima maza na zaune kewaye da akushi, kuskus ne da tafaya a kai, albasa da zabibi an dafa su da zuma da kirfa har sun yi duhu. Aka ce a kawo jarumi. Sulugin da ya yi abin kirki shi ke cin loma ta farko, daga hannun babban baƙo, daga kuma tsakiyar akushi inda daɗin yake. Babban baƙo a ranar Si Jilali ne. Ya ɗibo ya ba shi, sauran maza kowa ya bi da tasa, ana dariya ana shafa kansa. Washegari Shahin ya fara amai. Ya daina ci, ya daina fitsari, bakinsa ya riƙa wari, ya kwanta bai ƙara tashi ba. Mutane suka ce ido ne, an yabe shi da yawa a gaban taro. Si Jilali ya yi kuka kamar ɗansa ne ya tafi. Shi ya sa da tasa ta haihu ya zaɓi wadda ta fi kyau, ya kawo wa Allal a cikin rigarsa.

Daga baya sulugin wani mutum a ƙauyen gaba ya hau inda aka shanya inabi ya ci, ya yi irin wannan ciwon sak. Wani kuma ya lashe tukunyar albasa, fitsarinsa ya koma ja, dasashinsa ya yi fari. Matan da ke zuwa karɓar dunƙule su ke kawo wa Mahjuba waɗannan labarai, ita kuwa tana tambaya a hankali, me ya ci, yaushe. Ta haɗa wannan da wancan ta gaya wa Allal. Ta katanga na ji shi yana mata dariya. Amma daga ranar bai ƙara kai Gazala wurin walima ba, in an tambaya ya ce tana ɗingishi. Bai kuma taɓa faɗa wa maza dalili ba. Faɗar daidai take da ce wa Si Jilali hannunka ne ya kashe Shahin. Allal ya gwammace ya riƙe maganar, da ita aka binne shi. Mu huɗu ne kawai muka sani a gidan, muka koma uku.

To ranar Alhamis Mahjuba ta roƙi Hadda kada a yi tafaya. Hadda ta ajiye rariya ta dube ta.

"Yaya, mutum ya aiko da zabibin gonarsa, ya zo ya leƙa akushi bai gan shi ba? Kabeji za mu zuba masa kamar wanda ya zo gyaran rijiya?"

Gaskiyarta ce, Mahjuba ma ta sani. Sai muka shirya cewa da safe zan fita da baƙon fili, Gazala ta yi gudu a gabansa ya ga ƙafarta. Daga nan a bar ta can wajen tumaki har a gama cin abinci, a ce ta ƙi rabuwa da garke. Wannan shirin ne ruwa ya wanke. Tumaki ba su fita ba, sulugi kuwa fatarsa kamar takarda ce, barinta waje cikin wannan sanyi shi kansa wulaƙanci ne da zai ishi Si Jilali hujja.

Da hantsi na tarar da Mahjuba a durƙushe tana ba Gazala dunƙule, ɗaya bayan ɗaya, har ta kau da kai. Ta ƙara mata da kindirmon akuya. Sannan ta gaya mini sabon shiri. Ta ce in zauna ta bakin ƙofa. A gefena na akushi za ta sa a bar kuskus fari wanda romo bai taɓa ba, da tsokar da ta dafa daban. In an kira Gazala, ni ne maigida yanzu, in yi sauri in ba ta loma kafin baƙo ya miƙa hannu.

"Miludi, kai dai ka riga shi. Ko bisimilla ba a gama ba."

Na ce, "Yaya, ni da ko wajen cin abinci Hadda ke riga ni?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ci gaba da shafa kunnen Gazala.

Kafin azahar muka ji tsohuwar motarsa ta ɗaukar inabi tana fama da laka. Ya fito da sanda, ya tsufa fiye da yadda na san shi, yana rungume da sukarin da ake kai wa gidan rasuwa. Da na je karɓar kayan na ga bargo a naɗe a kujerar gefe, sabo, ba mai zama a kansa. Na juya na ga Mahjuba a bakin ƙofa, ita ma ta gani.

Aka yi gaisuwa, aka yi wa Allal addu'a, dattijon ya share hawaye da gefen rawaninsa. Ko shayi bai gama ba ya ce a kawo ta. Gazala ta shigo a hankali yadda suke yi, ta shinshina hannunsa, ta ɗora haɓarta a gwiwarsa. Ya bi ta da hannu tun daga wuya har wutsiya. Ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya ɗaga ƙafafu ya ga lallen da Mahjuba ke sa mata don kada tafin ya tsage. Ya ce gashinta kamar alharini. Da ya kai ciki sai ya tsaya.

"A cike take. Wa ke ciyar da sulugi kafin baƙo ya iso?"

Na ce sanyi ne ke sa ta yunwa da wuri. Ya dube ni. Ya nemi a nuna masa abin da take ci. Mahjuba ta miƙo dunƙule a faifai daga bakin labule. Ya ɓare ɗaya, ya shinshina, ya tauna a hankali da sauran haƙoransa. Ya ce ba gishiri, kamar abincin mai jinya, amma ya ji ƙwai ya ji mai, ba a yi rowa ba. Ya tambaya ko tana ci tare da mutanen gida. Na ce abin da muke ci shi take ci, sha'ir ɗinmu, ƙwanmu, manmu. Ban yi ƙarya ba. Ya juya wajen labule ya ce, "'Yata, kin riƙe amana."

Muna dawowa daga masallaci, muna tsallake kududdufi, ya riƙe hannuna ya ce ya zo da bargo, amma yana ganin haka zai koma da shi. Ya ce shi ma ya tsufa, wa zai tara wa sulugi. Na so in ruga in gaya wa Mahjuba, amma maƙwabcinmu Bushta da wasu mutum biyu sun biyo mu cin abinci, ban samu hanya ba. Ta dai rufe Gazala a ɗakinta, muna fatan a manta da ita.

Hadda ta kawo akushi bakin ƙofa, na ɗauka na shiga da shi. Ta yi ƙoƙari ranar. Tafayar ta taru a tsakiya kamar tudu, zabibin ya kumbura yana ƙyalli, ƙamshin kirfa ya cika ɗakin. Na juya akushin yadda farin gefen zai fuskance ni. Aka wanke hannu. Si Jilali ya naɗe hannun riga, ya duba dama ya duba hagu.

"Ina 'yar gidan?"

Na ce barci take yi.

Bushta ya ce, "Sulugin da ke barci ana wannan ƙamshi, a je a duba ko da rai. Ko kuwa Miludi ne ya ɓoye ta don kada ta rage masa nama?"

Aka yi dariya. Bushta bai san komai ba, bakinsa ne haka tun muna yara. Si Jilali ya ce a kira ta, ba zai sa hannu ba sai ta zo. Na ɗaga murya na faɗa. Na ji an buɗe ƙofa can, na ji takun ƙafafunta a kan jiƙaƙƙen daɓe. Labule ya motsa, Gazala ta shigo. Ƙafafun Mahjuba na nan ƙarƙashin labulen, ba su koma ba.

Na yi sauri yadda aka ce mini. Na dunƙula farin kuskus da tsokar nan, har na miƙa. Sai na ji hannun Si Jilali a wuyan hannuna, a hankali, ba da ƙarfi ba.

"Haba Miludi, bar mini wannan. Hannun nan ne ya kawo ta gidan. Hanya da nisa, ban sani ba ko zan ƙara ganinta."

Duk wanda ke ɗakin ya gane ya bar mana ita ke nan. Bushta ya ce madalla. Ni kuwa lomar na hannuna, na rasa inda zan sa ta. Na ce ta ƙoshi, kada ta yi amai a kan shimfiɗa. Ya ce loma ɗaya ba ta sa amai. Ya sa hannu tsakiyar tudun ya ɗibo, albasa na zuba ta tsakanin yatsunsa. Bai tsaya nan ba, ya riƙa tsinto zabibi da ɗaya hannun yana jerawa a kai. Ya ce na gonarsu ne, can aka haife ta, bari ta ɗanɗana gida. Bushta ya fara naɗe nasa hannun rigar, ya ce in babba ya gama su ma sai su bi, kowa ya samu albarka. Gazala ta ƙoshi, amma zuma da kitse ba a yi musu ƙoshi. Ta miƙa wuya, hancinta na rawa.

Tun da aka gina gidan nan mace ba ta taɓa shiga ɗakin ba maza baƙi na cin abinci. Mahjuba ta shigo ba sallama. Ta durƙusa, ta kama bakin Gazala da hannu biyu ta rufe, ta jawo kanta ta manna a ƙirjinta. Hannun dattijon na nan a miƙe, romo na gangarowa zuwa gwiwar hannunsa.

"'Yata, mene ne?"

"Ba za ta ci ba, Sidi."

"Ba za ta ci ba, ko ba za ki bari ba?"

"Ba zan bari ba."

Ya tambaye ta ko hannunsa ne ke da dauɗa. Ta ce a'a. Ko zabibinsa ne ya lalace. Ta ce bai lalace ba, ba ta taɓa ganin mai kyansa ba. Ya ce to ta gaya masa, abin da ya isa ya shiga cikin baƙo, me zai hana ya shiga cikin Gazala. Ta ɗago ta dube ni. Na san sunan Shahin ne a bakinta, na kuma san ba za ta faɗe shi a gaban mutane ba. Ta mayar da ido ƙasa.

"Sulugi kare ne, Sidi. A ɗakina take kwana, na fi son ta da mutane da yawa. Amma cikin kare gare ta. Abin da ke akushin nan ba nata ba ne."

Bushta ya yi a'uziyya ƙasa-ƙasa. Sauran biyun suka sunkuyar da kai kamar an zagi iyayensu. Si Jilali bai ɗaga murya ba, da ma ba ya yi. Ya daɗe yana kallonta. Ya ce ya san zafin rashi, yakan sa mutum ya faɗi abin da bai nufa ba.

"Saki bakinta ta karɓi lomar nan. In ta ci, ban ji komai ba, waɗannan ma ba su ji ba."

Na dubi hannun Mahjuba a kan bakin Gazala. Loma ɗaya ce. Wataƙila ba za ta yi komai ba, ita ma ba ta da tabbas, don ta taɓa gaya mini wani yakan ci da yawa ya tashi, wani kaɗan ya kwantar da shi. Daga bayan labule na ji Hadda na raɗa, yaya saki, yaya don Allah saki. Gazala ta ɗan yi ƙara tana neman kuɓucewa. Mahjuba ta ƙara matse ta.

Dattijon ya ajiye lomar a gefen tire. Ya nemi ruwa ya wanke hannu, ya goge, bai kai ko ƙwaya bakinsa ba. Ya yi godiya, ya ce hanya ta ɓaci gara ya kama ta da rana. Sannan ya ce a ba shi igiyarta. Na roƙe shi, na haɗa shi da zumuncinsa da Allal, na ce ya dubi gashinta da ya yaba ɗazu. Ya ce ya duba. Ya ce bai riƙe kowa a zuciya ba, amma gidan da aka fara kiranta da wannan suna, wata rana bayan garke za ta kwana, shi kuwa ba zai jira ranar ba.

Mahjuba da kanta ta ɗauko igiyar. Ta ɗaura wa Gazala rigar ulun da ta saƙa mata, ta juye duk dunƙulen da ke faifai cikin jakar zane. Ba ta yi kuka ba. Si Jilali ya ja Gazala zuwa mota, ya shimfiɗa bargon, ta hau ta zauna tana waiwaye. Ni da Mahjuba muna tsaye a ƙofar gida, ruwa na sauka a kanmu.

Ta ce, "Miludi, a gidansa inabi har bakin ƙofa. Kowace Juma'a kuma akwai akushi."

Na ce mata Allal ya riƙe maganar nan shekaru, kada ta buɗe ta yau.

Ta ce, "Ya riƙe ne don tana hannunsa."

Ta taka cikin laka har gefen motar, ni ina bayanta. Ya sauke gilashi. Ta yi magana a hankali yadda waɗanda ke cikin gida ba za su ji ba.

"Sidi, ka tafi da ita, haƙƙinka ne. Amma Shahin ba ido ne ya kashe shi ba. Tafaya ce, zabibin da albasar. Allal ya sani, ya kasa gaya maka."

Hannayensa na kan sitiyari, yana kallon ruwan da ke bin gilashin gaba. Can ya tambaya wa ya ba Shahin loma ta farko a ranar.

Ta ce, "Kowa ya ba shi, Sidi."

"Ta farko na tambaya."

Ta sunkuyar da kai. Ya ta da mota. Ta tura jakar ta taga, bai karɓa ba, bai kuma mayar ba, ta faɗa kan bargon kusa da Gazala. Muka tsaya har motar ta sha kwanar itatuwan zaitun. Da muka koma ciki baƙi sun zame, akushi ya huce yadda aka kawo shi, Hadda na zaune kusa da shi ta zuba tagumi.

Ƙauye ya yi ta magana. Aka ce ta kunyata gidan mijinta, ta sa baƙo ya tashi da yunwa. Matan da ke kawo ƙwai suka ɗauke ƙafa, sai da lokacin farauta ya zagayo suka fara dawowa, kowace ta ce wucewa take yi ta leƙo. Bushta ya yi watanni ba ya shiga gidanmu. Wata rana kuma na ji shi yana korar sulugin ɗansa daga bakin tukunya, yana cewa ba don komai ba, shi dai ba ya son gashi a abinci.

Si Jilali bai ƙara zuwa ba, bai kuma aiko da gaisuwa ba. Wani ɗan kasuwa da ke kawo inabi daga wajensu ya gaya mini dattijon ya kewaye wurin shanya inabi da waya, ya kuma daina kiran sulugi bakin akushi, in an tambaye shi ya ce ya tsufa ba ya son hayaniya. Ko maganar Mahjuba ce ta sa, ko tsufan ne da gaske, ban sani ba. Ta hannun mutumin nan ta aika da dunƙule wasu lokuta. Ya ce wata mata a gidan ke karɓa, ba a ba shi amsa. Da ya daina zuwa kasuwarmu sai aiken ya tsaya. Labari na ƙarshe da muka samu, Gazala ta rayu har bakinta ya yi furfura, ta riga Si Jilali tafiya da kaɗan. Mahjuba ba ta ƙara ganinta ba. An yi mata tayin wata 'yar ƙarama daga ƙauyen gaba, ta ce a gode, a bar ta wajen uwarta.

Yanzu tana Asfi wurin 'yarta, a wani bene kusa da tashar jiragen kamun kifi, inda ba a yarda a ajiye dabba ba. Idonta ya yi rauni, jikokinta ke tsince mata ƙayar kifi. Takan yi dunƙule jefi-jefi a tandar gas, don wata maƙwabciyarsu mai ɗan farin kare a gidan da ke kallon nasu. Ina zuwa dubata duk sallar layya in gwiwa ta bari.